Matakin Gefen Inna

Ku da kuke ta yi mini tsiya a saƙonni wai saurayina mota yake so ba ni ba, na ji, kuma ban musa ba. Motar ya fara gani kafin ya gan ni. Ga waɗanda yau suka fara shigowa, sunana Fiddausi Ummaru, 'yar Gozaki, ina koyarwa a firamare, kuma na kai shekarun da duk bikin da na je sai wata gwaggo ta ja ni gefe ta ce, "Ke kuma sai yaushe?" Kun ji ni shiru kwanan nan. Ku yi haƙuri in na yi ta kewaye-kewaye, don har yanzu zuciyata ba ta koma mazauninta ba.

Babanmu, Allah Ya jiƙansa, direban babbar mota ne. Tsohuwar Marsandi ce mai dogon hanci da bodin katako, a goshinta an rubuta ALLAH YA KAI MU, kuma da wannan sunan duk garin ke kiranta. Masara da dawa da auduga yake ɗauka daga ƙauyukanmu zuwa Funtua da Malumfashi. In ya doso gida tun daga nesa yake danna ham, dogo ɗaya da gajeru a bayansa, Inna ta miƙe ta ɗora ruwan wanka. Da ya rasu aka turo motar ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida. Nan ta zauna shekara da shekaru, tayoyi suka nutse cikin ƙasa, kaji suka mai da kujerar direba wurin saka ƙwai. Ƙanin Baba, Baffa Maiwada, ya sha kawo 'yan gwangwan su yanka ta. Inna ba ta jayayya da shi, sai dai ta ce, "A bari tukuna."

Wata ranar na dawo daga makaranta, hijabina duk alli, sai na ga ƙafafun mutum sun leƙo daga ƙarƙashin motar.

"Malam, lafiya?"

"Lafiya lau take," muryar ta amsa daga ƙasa. "Wallahi shasin nan ko gezau bai yi ba. Yanzu wa zai ba ka irin wannan ƙarfen?"

Ni na tambayi lafiyarsa, shi ya ba ni ta mota. Da ya mirgino ya fito, da kashin kaji a hularsa, sai ya ga ashe mace ce tsaye a kansa, ya rasa inda zai sa idonsa. Awaisu ke nan, mai walda da ƙere-ƙeren ƙarfe a Funtua. Injin casar masara ya zo gyara wa maƙwabtanmu, motar ta ja shi. Daga ranar ya fara zuwa duba mota, har dubawar ta koma sallama da ni.

Abin da ya dame ni shi ne yadda Inna ta ɗauke shi. Ba ƙinsa take yi ba, a'a, sakewa ta yi da shi fiye da kima. "Kai Awaisu, zo ka duba mini ƙyauren nan." "Awaisu, waɗannan faratan naka ba sa ganin sabulu ne?" Kai ba mayafi take fitowa zaure ta yi ta hira da shi. Ni da farko murna nake, sai da yayata Maijidda ta zo ganin gida ta kalle ni ta yi dariya.

"Ke yarinya ce har yanzu. Kin manta yadda ta yi da maigidana, baban su Hussaini? Tun ranar da ta amince da shi a ranta ba ta ƙara kama sunansa ba, ba ta ƙara yarda sun haɗa ido ba. Muddin kina jin tana 'Awaisu, Awaisu', to ɗan aike ta ɗauke shi. Ranar da kika ga ta ja mayafi ta juya masa baya, ki aika a sayo lalle."

Da Awaisu ya nemi izinin turo magabatansa, Baffa ya ce shi ba shi da ta cewa sai abin da Inna ta ce. Inna kuwa ta ce, "Ai ya ce zai tashi motar Malam. A bari in ga aikin hannunsa." Baffa bai ji daɗi ba. Ya kira ni ya zaunar, ya ce akwai Mahadi mai shagon taki a Malumfashi, ya daɗe yana bin sa da magana.

"Ba zan yi miki dole ba, Fiddausi, ke ba yarinya ba ce. Amma ba zan zuba ido kina jiran tsohon ƙarfe ba. In aka gama kaka uwarki ba ta ce komai ba, zan ce wa yaron nan na Funtua ya ba wasu wuri."

Aka janye motar zuwa garejinsa. Daga nan soyayyarmu ta koma cikin waya, kuma ina gaya muku, babu macen da aka taɓa yi wa zance irin nawa. Wasu ana turo musu hoton fure, ni hoton tsatsa ake turo mini. Ya tuɓe motar tsirara, ya sauke kan, ya kankare shasin har sai da farin ƙarfe ya fito. Ƙasan inda direba ke ajiye ƙafa duk tsatsa ta cinye shi, sai ya yanko kwali ya gwada, ya zana da alli a kan farantin ƙarfe, ya yanka, ya yi ta bugu da guduma har ya zauna daidai. Ƙofar direba ma da hannu ya ƙera rabinta.

"Kin ga layin waldar nan?" ya rubuto.

"Na gani."

"Ba ki ce komai ba."

"Ya yi kyau. Ni fa, ka tuna da ni yau?"

"Ai da ke nake yin sa."

Sai in kifa wayar a ƙirji ina murmushi ni kaɗai, Allah Ya shirye ni.

Injin Baba ya mutu murus, ruwa ya shige shi ya daskare. Abokinsa Hyacinth, mai sayar da kayan gyaran mota, haifaffen Funtua da Hausa a bakinsa ta fi tawa, shi ya samo masa wani injin na wata motar daban. Nan aikin ya tsaya cak, don injin ya ƙi zama. Ya fi na da tsawo, ƙafafunsa ba su hau inda na da suke hawa ba. Awaisu ya rataye shi da sarƙa, ya sauke, ya ɗaga, ya sauke. Ya ƙera masa sababbin mazaunai, ya matsar da lagireto gaba, ya rage tsawon farfela don ta haɗu da giyabos, ya lanƙwasa sabuwar salansa. In ya gama abu ya ga bai kwanta masa ba, sai ya yanke ya sake. Ni kuwa ina kallon masara tana bushewa a gona, ina jin kamar in je in ƙwace gudumar.

"Awaisu, an fara karyar masara fa."

"Na sani. In na ɗaura shi a karkace, zai yi ta girgiza har ya tsage shasin Baba. Ki ƙara mini haƙuri."

"Baba" ya kira shi, ba "babanki" ba. Da wannan ya rufe mini baki.

Ranar da injin ya tashi, saƙon murya ya turo. Na kai wa Inna tana tsince shinkafa, na kunna. Ta saurara, ta ce, "Wannan ba muryarta ba ce." Sai can ƙarshen saƙon aka danna ham, dogo ɗaya da gajeru a bayansa, don na taɓa kwaikwaya masa da baki. Hannun Inna ya tsaya a cikin tire. Da la'asar na ji ta ce wa Maijidda a waya ta shirya, ranar Asabar za mu Funtua.

Kada ku tambaye ni sau nawa na canza kaya. A ƙarshe atamfata mai ruwan ganye na sa, ɗinkin riga da siket, da mayafi ruwan madara, na ɗan zizara kwalli, na shafa humrar da nake ɓoyo. Inna kuwa leshinta ruwan toka ta ciro daga ƙasan akwati, wanda rabonta da shi tun Baba na da rai.

Da muka shiga garejin sai da na dafa Maijidda. Ga ta nan tsaye, kore shar kamar yadda na san ta ina ƙarama, sabon bodin katako yana ƙamshin fenti, ALLAH YA KAI MU a goshinta da irin rubutun da. Awaisu ya sha wanka, ya sa farar shadda, faratan nan an goge su tas. Ya durƙusa ya gai da Inna.

"Awaisu, sannu da aiki," ta ce.

Ta zagaya motar a hankali. Ta shafa ƙofar direba, ta leƙa injin da ya buɗe mata yana ta bayani. Na ga bakinta yana motsi, na san addu'a take yi. Sannan ta zagayo ɗaya gefen, gefen mai zaman banza, inda take zama in Baba zai kai ta unguwa. Ta kama hannun ƙofar, ba ta ko duba ƙasa ba, ta ɗaga ƙafa.

Ƙafar ta faɗa iska. Da Maijidda ba ta tare ta ba, da ta kai ƙasa.

Ta tsaya tana kallon wurin. Matakin kamfani yana nan can sama, an yi masa fenti. Amma a ƙarƙashinsa, inda ƙafarta ta nufa, babu komai sai ƙarfe sumul.

"Ina matakin?"

Awaisu ya matso da fara'arsa, bawan Allah. "Au, wannan guntun garmar da aka liƙa? Na yanke shi, Inna. Ba na motar ba ne, wani ne ya ƙara. Waldar ma duk a karkace, ta yi ƙulu-ƙulu. Wanda ya yi ta bai iya ba sam."

Inna ta daɗe tana kallonsa, ido cikin ido.

"E," ta ce. "Bai iya ba."

Ta gyara mayafinta ta nufi bakin titi. Ko lemon da ya sayo mana ba a buɗe ba.

Muka shiga motar haya muka koma. Sai da muka isa gida Inna ta shige ɗaki, Maijidda ta ja ni bayan rumbu.

"Ke ba ki san matakin nan ba?"

"Na san shi mana. Da shi nake hawa ina ƙarama. Na ɗauka haka motar ta zo."

"Lokacin cikinki ne. Inna ta sha wuya, ƙafafunta suka kumbura, ga shi dole a riƙa kai ta awo Malumfashi. Ba ta iya kai ƙafa matakin sama. Baba kuwa kunya ta hana shi ya je ya ce wa mai walda ga dalili, kin san mutanen da. Sai ya ɗauki guntun bakin garmar kakanmu, ya ari injin walda wai zai gyara wani abu, ya yi da kansa. Ni ina tsaye ya sa ta ɗaga ƙafa ya auna da igiya. Kwana ya yi idonsa na zubar da ruwa don bai san ana rufe fuska ba."

Na zauna a ƙasa da atamfar tawa na yi kuka. Na yi na Baba, na yi na Inna, na yi na kaina. Ashe saboda ni aka yi shi, kuma wanda nake so ne ya yanke.

Na rubuta wa Awaisu duk abin da Maijidda ta faɗa. Na ga alamar ya karanta. Ya fara rubutu ya goge, ya fara ya goge.

"Zan ƙera wani. Irinsa sak."

"Ba irinsa take nema ba. Ina wancan?"

"Na haɗa da ragowar ƙarafa na ba 'yan gwangwan tun da damina."

Na ajiye wayar. Ba fushi nake ba, wallahi. Daga nan bai ƙara turo saƙo ba. Washegari na kira, wayar a kashe. Na sake kira, haka.

Ku da kuka taɓa jiran mutum kun san abin da nake nufi. Ina cikin aji ina rubutu a allo, kunnena yana kan jaka. In na ji ƙarar babbar mota a titi sai na leƙa ta taga. Na koma ina buɗe tsofaffin hotunan tsatsar nan da nake yi wa tsiya, ina ƙara girmansu don in ga yatsansa a gefe. Na saurari saƙon ham ɗin nan har na haddace inda yake jan numfashi kafin ya ce, "Kin ji ta?" Na yi kewarsa, kewa mai ciwo. Inna kuma ba ta ƙara ta da zancen ba. Tana shara ta tsaya inda motar take a da, inda tayoyi suka bar rami, ta ɗan jima, ta ci gaba.

Ana cikin haka aka gama sussukar masarar Baffa, aka fara yankan dawa. Ya shigo da yamma ya zauna a kan tabarma.

"To, Uwa," haka yake kiran Inna da sunanta, "kin ga aikin hannun nasa. Me kika ce?"

"Na gani," ta ce.

"Shi ke nan?"

Ta kau da kai. Baffa ya juyo gare ni. "Ranar Juma'a Mahadi zai zo gaishe ni. Na gaya miki tun da wuri."

Da ya fita na nemo lambar Hyacinth.

"Malama Fiddausi, ai mutuminki ya haukace," ya ce. "Ya rufe gareji. Ya bi 'yan gwangwan har inda suke tara kaya, ya yi ta tonon tulin ƙarfe da hannu, wayarsa ma a can ta faɗa ta fashe. Suka ce masa irin wannan ƙarfen mai kyau maƙera ke tsincewa. Yanzu maƙera yake bi ƙauye-ƙauye. Jiya an ce an gan shi a Maska."

"In an riga an sa shi a wuta fa?"

"Sai addu'a, Malama."

Ranar Alhamis bayan la'asar ina tsakar gida ina wanke-wanke, da tsohuwar doguwar riga da ɗankwalin da ya sha miya, sai na ji shi daga nesa. Dogo ɗaya, gajeru a bayansa. Kwanon ya suɓuce mini. Na dubi Inna, na ga ta miƙe tsaye ba ta sani ba, har ta juya wajen murhu kafin ta tuna.

Kafin in sami hijabi motar ta tsaya a ƙarƙashin darbejiya, daidai kan ramukan tayoyinta. Unguwa ta fito. Baffa ma ya taso daga majalisa. Awaisu ya sauko da kayan aiki a jikinsa, ya rame, yatsunsa biyu ɗaure da tsumma. Ya buɗe ɗaya ƙofar ya ɗauko wani abu a naɗe cikin sabon tawul. Inna ta fito zaure, mayafinta a kafaɗa kamar kullum.

Ya durƙusa a gabanta ya buɗe. Guntun bakin garma ne, ya yi baƙi a gefe ɗaya inda wuta ta fara lasa, ga waldar Baba nan ƙulu-ƙulu a jikinsa, ko ɗigo ɗaya ba a kankare ba.

"A maƙera na same shi, Inna, za a yi fartanya da shi. Ki gafarce ni, na yi magana a kan abin da ban sani ba." Ya nuna bayan motar. "Na zo da injin walda a baya. Amma ban liƙa ba. Na goge wurin tun tuni, ban bar alama ba, kuma ban san tsayin da ya auna ba. In kin yarda ki ɗaga ƙafa, in sa alli."

Inna ta karɓa. Ta bi waldar da babban yatsanta tun daga farko har ƙarshe. Ni kuwa ina bayan ƙyaure. Fargabata kada in ji ta ce "Awaisu".

Sai na ga ta kai hannu kafaɗa. Ta ja mayafin ta rufe kanta, ta sauko da shi har ya rufe rabin fuskarta, ta juya masa baya. Ta miƙo mini ƙarfen ta bayan ƙyaure, yana da nauyi, da ɗumin hannunta a jiki.

"Fiddausi," ta ce, a hankali, amma har Baffa ya ji. "Ki faɗa wa baƙon nan ni na gama hawa. Ya auna da ƙafarki."